Jan Ɗigon Tartsatsi

Ku gyara zama ku ji labarin mutumin da ya yi wa kansa da farce ɗaya abin da maƙiyi ba zai iya yi masa da gatari ba.

Mai walda ne, kuma kowa a layin Tartsatsi yake ce masa. Wasu sun ce saboda aikinsa ne, wasu sun ce saboda bakinsa, tunda in ya fara magana na kusa da shi sai ya kare ido. A gaskiya hannunsa na da kyau a ƙofa da taga. Ƙofar da ya haɗa ba ta kuka, ba ta cijewa. Amma ka kuskura ka yaba masa ƙofa, sai ya dube ka kamar ka zage shi.

"Ƙofa don cefane nake yin ta," yakan ce. "Ni mai fasaha ne. Duniya ce dai ba ta farga ba tukuna."

A gaban gidansa akwai ɗaki ɗaya mai ƙofa a bakin titi. Shekara uku ke nan da ya garƙame shi, ya rubuta SITUDIYO a jikin ƙofar da farin fenti, ya cika shi da tarkacen ƙarfe. Waldar da ke ciyar da gidan a rumfar waje yake yin ta, ɗakin kuwa na tunani ne, in ji shi. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, tela ce da mata ke nemowa daga unguwa uku, amma keken ɗinkinta na can a lungun tsakar gida, tsakanin wayar shanya da durom ɗin ruwa. In hadari ya taso sai ta kwashi yadin mutane da gudu. Mai zuwa awo kuwa a ƙofar banɗaki take tsayawa ta ɗaga hannuwa. Wannan abu ya daɗe yana ci wa Maman 'Yan Biyu rai, kuma ba ta ɓoye ba.

Wata safiya Tartsatsi na zaune a shagon Mai Aski, wanda ke fuskantar gidansa, an yafa masa ƙyalle a wuya, sai idonsa ya faɗa kan wata takarda a gefen madubi. Gidan baje zane na yankin zai yi baje koli na haɗin gwiwa. Masu zanen fenti da masu sassaƙa da masu ƙira, kowa ya kawo aiki ɗaya, a jera, masu saye su zo su gani.

Ya miƙe da rabin aski.

"Lokaci ya yi," ya ce.

"Lokacin gama ɗaya ɓarin kanka ne ya yi," in ji Mai Aski. "Zauna."

"Kai ba ka san abin da ka liƙa a bangonka ba. Takardar nan ni take nema."

"Ni dai tsagewar bango na toshe da ita."

Da yamma ya shiga gida yana zuba. Aka yi sa'a yayan matar, direban motar ɗaukar kaya, ya zo gaishe su, yana zaune a kan benci. Tartsatsi ya bayyana musu yadda za a ɗauki hotonsa, da yadda masu kuɗi za su yi layi, da yadda ƙila ma ya bar walda gaba ɗaya. Maman 'Yan Biyu ta bar shi har ya tsaya haɗiyar yawu, sannan ta cire ƙafarta daga kan keke.

"Baban 'yan biyu, mu yi ta a gaban Yaya," ta ce. "In wani ya sayi abin da za ka kai, ɗakin ya zama naka, ba zan ƙara buɗe baki a kansa ba. In ba a saya ba, ka miƙo mini makulli."

"In ba a saya ba? Ki dai ce in ba a yi dambe a kansa ba."

"Ko da dambe, ko da lalama. A dai saya."

"Na yarda. Yaya, ka shaida."

"Na shaida," in ji Yaya, yana kallon surukinsa da tausayi.

Sati uku layin bai huta ba. Daga cikin ɗakin sai ƙarar guduma da shuɗin haske ta ƙarƙashin ƙofa. Abubuwa suka fara ɓacewa a unguwa. Fukafukan tsohuwar fanka, sarƙar keke, tayar baro, tankin wani mataccen babur, wayoyin gado, murfin babbar tukunyar Maman 'Yan Biyu, har gindin kujerar da Mai Aski ya ajiye a bayan shago da niyyar gyarawa. Duk wanda ya zo cigiya amsa ɗaya yake samu.

"Kayanka sun shiga tarihi. Ka gode."

"Ni ka fito mini da su daga tarihin," in ji Mai Aski. "Zama nake son yi."

Ranar kai kaya Yaya ya kawo mota, maƙwabta suka taru. Tartsatsi ya buɗe ƙofa a hankali, ya matsa gefe. Wani abu ne tsaye a tsakiyar ɗakin, ya fi mutum tsayi, mai ƙafa uku da tumbin tankin babur, da hannu ɗaya na fanka ya miƙe sama, da murfin tukunya a matsayin kai.

"Sunansa Ɗan Adam Yana Miƙa Hannu Ga Gobe," ya sanar.

Wata tsohuwa ta tambaya ko yana cizo.

Maza huɗu suka kama. Suka kawo shi bakin ƙofa, ya ƙi fita. Suka kwantar da shi, hannu ya tokare. Suka juya shi, tumbi ya tokare. Suka gwada ta ƙafa, murfin tukunya ya kankare silin. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana auna ƙofofin mutane ya manta da auna tasa.

"Ɗan Adam dai ya ƙi zuwa gobe," in ji Mai Aski. "Ya fi son jiya."

"Ƙofar ce ta yi masa ƙanƙanta. Haka manyan ayyuka suke. A kawo guduma mu fasa bango."

"Bangon nan kada wanda ya taɓa shi," in ji Maman 'Yan Biyu daga bayansu, a natse. "Ina da amfani da shi."

Ba yadda ya iya, ya ɗauko injin yanka ya raba Ɗan Adam uku, ƙafafu da tumbi da sama. Yaya ya ce a sa alli a yi alamar inda kowane ɓangare ke haɗuwa da ɗan'uwansa. Tartsatsi ya buga goshinsa da yatsa ya ce allin yana nan ciki. Da za su tafi ya kwance wayar shanyar matarsa ya ɗaure kayan a bayan mota.

Gidan baje zanen wani dogon zaure ne mai farin bango da fitilu a jere a sama, ƙasansa na ƙyalli. Mutane na ta shiga da fita a hankali, suna magana ƙasa-ƙasa kamar a asibiti. Mai kula da wurin, wadda ake kira Shugaba, mace ce mai tabarau da sanyin murya. Ta hango Tartsatsi yana jawo injin walda zuwa cikin zauren, ta tare shi.

"Malam, ba a kunna wuta a nan. Akwai zanen mutane a bango."

"Minti goma ne. Su rufe ido kawai."

"Zanen ba ya rufe ido."

Mataimakinta, wani dattijo mai tsumma a kafaɗa wanda shi ke kafa kaya, ya zagaya ɓangarorin uku ya ce a ba shi awa ɗaya ya huda su ya ɗaure da noti, za su tsaya daram.

"A huda Ɗan Adam?" in ji Tartsatsi. "Baba, kai rataye hoto ka sani. Ƙarfe a bar wa masu shi."

Ya ɗauko wayar shanya ya fara ɗauri. Allin da ke cikin kansa kuwa ashe ya goge a hanya. Tumbi ya hau a kife, saman ya zauna a karkace, hannun fanka ya dawo yana nuna ƙasa, murfin tukunya ya leƙo ta gefe.

"Hannun fa yanzu ƙasa yake nunawa," in ji Yaya.

"Wa ya ce maka gobe a sama take?"

Da ya gama, sai ya goya hannu a baya ya zaga zauren don ya ga abokan karawa. Ga wani babban allo da aka shafe da shuɗi tun daga sama har ƙasa, sai wani farin layi ɗaya a gefe. Ga zanen mata a tashar mota, ga na wani tsoho yana gyaran raga. Ga icen da aka sassaƙa ya zama uwa da ɗa, sumul. Kowane aiki da ɗan farin kati a gefensa. Ya duƙa yana karantawa, sai ya ɗago a fusace.

"Shugaba, kin ce kowa aiki ɗaya. Wannan Babu Suna ɗin waye shi, da ya kawo har huɗu?"

"Ba mutum ba ne, Malam. Aikin ne ba a raɗa wa suna ba." Ta miƙo masa wata takarda. "Ga ƙa'idojinmu, ka karanta kafin gobe. Akwai bayanin katin, da alamomin da muke sawa, da..."

"Ni za a yi wa bayanin fasaha?" Ya karɓi takardar, ya goge maiƙon hannunsa da ita tas, ya jefa a kwandon shara.

Washegari aka buɗe. Tsarin shi ne da safe masu saye da aka gayyata su fara zagawa tare da Shugaba, da rana kuma a buɗe wa kowa. Tartsatsi ya ce manyan masu fasaha ba sa sammako, don haka sai tsakar rana ya iso, cikin kwat ɗin da ya yi shekara goma a akwati, tana warin maganin asu. Ya tarar da zauren babu kowa. Duk an fita farfajiya shan shayi.

Ya tsaya gaban Ɗan Adam ya gyara masa murfi. Yana juyowa sai ya lura da wani abu. A kan katin zanen mata a tasha an manna wani ɗan jan ɗigo, bai fi ƙwayar magani ba. Na tsoho mai raga ma haka. Har shuɗin allon nan da ko yaro zai iya shafawa, shi ma da nasa. Ya ƙirga, biyar. Ya dawo da sauri ya duba katinsa, fari fes.

To a nan ne sana'a ta cuce shi. A wurin masu sayar da ƙarfe, rodin da aka ɗiga wa jan fenti a baki shi ne lamba ɗaya, wanda ba a ɗiga wa ba kuwa na gama-gari ne. Duk mai walda ya san wannan tun yana koyo. Saboda haka Tartsatsi bai yi wata-wata ba, ya gane komai nan take. An zaga da safe an tantance, an ba 'yan gida lamba ɗaya, shi an bar shi a gama-gari. Kuma wa zai sayi gama-gari alhali ga lamba ɗaya a gefe? Ya hango makullin ɗakinsa a hannun matarsa, zuciyarsa ta yi zafi.

"Son kai," ya ce a ransa. "Ƙarfe mai nauyin buhu uku babu ɗigo, fentin bango da ɗigo."

Ya leƙa farfajiya, kowa na fama da kofi. Ya dawo. Farcen mai walda kuwa ba ya jin tsoron gam. Ya ɓamɓare na farko da niyyar ɗaya ya isa. Da ya manna a katinsa ya ja baya ya duba, sai ya ga ai wannan ya daidaita shi ne kawai da mai shuɗin allo, kuma wannan ma raini ne. Ya ƙaro na biyu. Daga nan hannu ya saba. Kafin a gama shayi ɗigo biyar sun jeru a katin Ɗan Adam, a miƙe, tazara daidai, don shi ba ya aikin karkace.

Da rana aka buɗe ƙofa, jama'a suka cika zauren. Shugaba ta tsaya a bakin ƙofa tana tarbar baƙi, ta bar wa Mataimaki sauraron masu saye. Shi kuwa dattijon ƙa'ida ɗaya ya sani, duk katin da babu ɗigo kayan na nan. Mutanen layi ma sun zo, Mai Aski da Yaya a gaba. Maman 'Yan Biyu ta ce sai ta gama wata riga za ta biyo su.

Tartsatsi ya kafa kansa a gefen aikinsa, yana tare duk wanda ya gifta.

"Ka ga wannan sarƙar? Wahalar rayuwa ce. Tankin nan kuwa buri ne."

"Gindin kujerar nan fa?" in ji Mai Aski.

"Haƙuri."

"To nawa ne, kuma ya kusa ƙarewa."

Ana cikin haka wata mata ta tsaya. Babbar mace ce mai tafiyar isa, direbanta na biye da ita riƙe da jaka. Yaya ya raɗa wa Mai Aski cewa ita ce mai sabon otal ɗin bakin hanya. Ta zagaya Ɗan Adam sau ɗaya, ta sake zagayawa. Ta yi dariya, irin ta jin daɗi, ba ta raini ba.

"Kai ka yi wannan, Malam?"

"Da hannuna."

"Ya burge ni. Kamar zakaran da aka tayar daga barci. Tun ɗazu nake zagawa, shi kaɗai ya sa ni dariya."

Maganar zakara ta ɗan sosa masa rai, amma ya haɗiye. Mai Otal ta duƙa kan katin, sai murmushinta ya ragu.

"Ashe an riga ni."

"Tun safe," in ji Tartsatsi, yana gyara kwat. "Masu ido ai ba sa jira."

"Har biyar?"

"Da akwai sauran ɗigo da sun fi haka."

"To tunda biyar za ka yi, ba za ka ƙara na shida ba?"

Bai gane inda ta dosa ba, amma ya ji kamar ana tambayarsa ko aikinsa abin maimaitawa ne kamar taga, shi kuwa a nan ba ya wasa.

"Ranki ya daɗe, irin wannan ba a yin sa sau biyu. Ni kaina in kika tsare ni ban san yadda aka yi ya zama haka ba."

"Wannan gaskiya ne," in ji Yaya.

"Na makara ke nan," in ji Mai Otal. Ta ƙara kallon zakaranta, ta yi ajiyar zuciya, ta wuce wajen icen uwa da ɗa, ta yafito Mataimaki.

Tartsatsi ya juya wurin mutanensa, fuska na sheƙi. "Kun ji da kunnenku? Ta ce ta makara. Shekara nawa ina gaya muku duniya ta makara a kaina?"

Can Shugaba ta tafa hannu don jawabi. Daidai lokacin Maman 'Yan Biyu ta shigo, da zare a jikin hannun rigarta, ta tsaya kusa da yayanta. Shugaba ta fara godiya ga masu fasahar yankin, ta kai ga cewa fasaha ita ce ke haɗa zukatan mutane, sai wata murya ta tashi daga gaban zanen mata a tasha.

"Ni na saye shi, tun ƙarfe goma."

Wani likita ne mai furfura. Wanda yake wa magana kuwa wani lauya ne, da ya riga ya dafa gefen allon.

"Ni ban san ƙarfe goma ba. Yanzu wannan dattijon ya sayar mini."

Kafin a raba su, aka ji wata rigimar a gaban tsoho mai raga, mata biyu kowace na cewa nata ne. Shuɗin allo kuwa, abin mamaki, mutum biyu har sun fara nuna wa juna yatsa a kansa. Wanda ya zana shi na tsaye a gefe, bai san ko ya yi murna ko ya gudu ba.

"Da hannuna na manna ɗigo a kowannensu da safe," in ji Shugaba, sanyin muryar ya fara tafiya.

"Ni da na zo babu ko ɗaya," in ji Mataimaki. "Ɗigo ba ya tafiya da ƙafarsa."

"Ko waɗancan ne da suka yi taro a wuri ɗaya?" in ji Mai Aski, yana nuni da haɓa.

Zauren gaba ɗaya ya juyo. Tartsatsi ya ga ido ɗari a kansa, abin da ya yi shekara uku yana mafarki, sai ya taka gaba ya ɗan rusuna.

"Ba sai an yi dogon bincike ba, ni ne. Gyara na yi muku. Kun ba fentin bango lamba ɗaya kun tsallake ƙarfe, na ce kada baƙi su ga kuskurenku."

Shugaba ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Wace lamba ɗaya, Malam?"

"Jan ɗigo mana. Kamar na bakin rodi."

"Jan ɗigo a nan ma'anarsa ɗaya ce. An sayar. Duk wanda ya gan shi ya san kayan sun sami mai su, sai ya wuce gaba. Yana cikin takardar da na ba ka jiya, layi na uku."

Wani ya fara dariya a baya, ya mayar da ita tari.

"To ni tambaya ɗaya gare ni," in ji Maman 'Yan Biyu, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Wannan ɗin, wa ya saya?"

"Babu kowa," in ji Shugaba.

"Ni na zo saye," in ji Mai Otal daga gefe. "A ƙofar otal ɗina na so in kafa shi, ko nawa ya ce. Shi ya gaya mini an riga ni tun safe. Na roƙe shi ya yi mini wani, ya ce ba a yin sa sau biyu. Shi ya sa na ɗauki icen can."

Tartsatsi ya dubi matarsa, ya dubi Yaya, Yaya ya dubi silin. Sai ya faɗa kan katin yana kankare ɗigon da farce biyu.

"Ranki ya daɗe, ga shi babu ɗigo. Yanzu aka sauke shi, sabo fil. Ba a riga ki ba, wallahi babu wanda ya ko taya."

"Ƙofa ɗaya gare ni, Malam, kuma na riga na cike ta." Ta ƙara duban aikin, don matar na da kirki, kuma zakaran ya shiga ranta. "Sai dai ko bakin wurin ajiye motoci. Amma can akwai iska. Zai jure?"

Da ya yi shiru ya gyaɗa kai, da ƙila yau wani labarin ake bayarwa. Amma an taɓo inda yake da ƙarfi, sai tsohon Tartsatsi ya dawo gaba ɗayansa.

"Iska? Wannan ko mota ta buge shi ita za a kai gareji. Dubi nan."

Ya ɗaga tafin hannunsa ya ɗaɗa wa tankin babur duka.

Wayar shanya an yi ta ne don riga da zane. Ta yi iya ƙoƙarinta kwana ɗaya, a nan ta sallama. Sama ya fara zamewa, hannun fanka ya share kofunan shayi daga kan tebur, tumbi ya faɗo ya gangara tsakiyar zauren, likita da lauya suka yi tsalle tare suka riƙe juna. Ƙafafun uku suka tsaya su kaɗai na ɗan lokaci, sannan suka kwanta a hankali. Murfin tukunya kuwa ya sauka a kan gefensa ya kama juyi a ƙasa mai ƙyalli, yana ƙara, yana juyi, kowa ya tsaya yana jiransa, har ya gaji ya kife a gaban takalmin Mai Otal.

"A bar shi kawai," ta ce.

Maman 'Yan Biyu ta tako ta ɗauki murfinta, ta duba ko ya lotse, ta saka a hammata. Ta sake duƙawa ta tsinci wani ɗan abu a ƙasa. Mai Aski ya ja gindin kujerarsa ya yi waje. Shugaba ta ce wa Mataimaki ya kawo tsintsiya, kuma ya miƙa wa mai fasaha.

Washegari da safe Tartsatsi ya fito ya tarar da Yaya a ƙofar gida, shaida ya zo cika aikinsa. Ya laluba aljihu ya daɗe, kamar makullin zai canza shawara, sannan ya miƙa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ɗakin nan shi ne wurin da yake shiga ya zama wanda yake cewa shi ne. Maman 'Yan Biyu ta ga haka a fuskarsa, ba ta yi masa dariya ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta je gaban ƙofar, ta ɓare ɗan abin da ta tsinta jiya daga bayan hannunta, ta manna shi a kan rubutun SITUDIYO, ta danna da babban yatsa.

Mai Aski ya leƙo daga shagonsa, almakashi a hannu.

"Tartsatsi, ga jan ɗigo a ƙofarka. Lamba ɗaya ce ko?"

Tartsatsi ya daɗe yana kallon ɗigon. Sannan ya gyara tsayuwa, ya share murya.

"Ka je ka tambaya a duk yankin nan. Mai fasaha nawa ne aka ɗauke masa situdiyo sukutum washegarin buɗe baje koli?"

"Baban 'yan biyu," in ji matarsa daga cikin ɗakin, tana buɗe taga, "in ka gama jawabi ka zo ka kwashe tarihin nan. Sannan ina son teburin yanka mai ƙafa huɗu, da sabuwar wayar shanya. Teburin kuma ka auna ƙofa kafin ka fara."

Ya shiga ya ɗauko tef ɗin awo.